Lambar Da Jalalu Ya Goge

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Mabera da safe ya san muryar Jalaluddeen, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Shi ne dogon saurayin nan mai jakar kwamfuta a baya, wanda ba ya iya cewa a ƙara masa sukari sai ya haɗa da labarin wata na'ura da ya ceto daga bakin mutuwa. Gaskiyar magana, ko shekara bai cika ba a ɗan kamfanin kwamfuta na wani Godwin da ke Arkilla, kuma yawancin aikinsa jona waya ne da lallashin firinta. Amma a wurin mai shayi labarin ya sha bamban.

"Ni ka riƙe da kamfanin ga," in ji shi. "Godwin mutumen kirki na, ba ni ɓata shi. Amma in abu ya cije, ni aka kira."

Wanda ya fi kowa gaskata wannan magana shi ne Kawu Mode, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Kawu Mode bai san komai a kan kwamfuta ba. Ya dai taɓa ganin yaron yana buga ta ba ya ko kallon yatsunsa, kuma wannan ya ishe shi hujja.

To, a bana ne Kawu Mode ya fito neman shugabancin ƙungiyar masu keke mai ƙafa uku ta unguwar. Ya daɗe yana son kujerar nan, so na gaske, har sabuwar hula ya ajiye saboda ranar. Shi ba tsohon ɗan ƙungiya ba ne. Taksi ya yi shekaru yana ja a hanyar Illela, sai da motar ta gaji da duniya ya dawo keke. Saboda haka tsofaffin ƙungiya suna bayan Gazali, shugaban da ke kai, samari sababbin shiga kuma, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna bayan Mode. Lissafin a fili yake. In samarin nan suka jefa ƙuri'a, Mode ya ci.

Zaɓen da ya wuce da jifan kujeru aka tashi, don kowane ɓangare ya ɗebo 'yan kabu-kabu da masu wankin mota ya cusa a layi. Shi ya sa Malam Junaid, shugaban kwamitin zaɓe, tsohon malamin firamare mai haƙurin tsiya, ya ce wannan karon da kwamfuta za a tantance mutane. Kowa ya kawo katinsa, a buga lambarsa, in suna da hoto sun fito a ba shi takardar ƙuri'a. Kawu Mode da kansa ya kai su wurin Godwin, yana ta faɗa musu a hanya cewa nan ne ɗansa ke aiki.

Godwin ya yi aikin tsaf. Sai kuma bikin ƙanwarsa a Zuru ya faɗo ranar Asabar ɗin zaɓe. Ranar Juma'a da safe ya zaunar da Jalalu, ya buɗe masa kwamfutar.

"Ka ga, sunayen 'yan ƙungiya duka suna cikin rumbun bayanai, rumbun kuma na sa shi cikin kwantena."

Kwantena, a wurin masu wannan sana'a, wani rufaffen ɗaki ne da ake ginawa a cikin kwamfuta, a zuba masa kayansa, ya yi zamansa ba ya cuɗanya da kowa. Manhajar tantancewa tana zuwa ta ƙwanƙwasa masa ta wata ƙofa mai lamba, ta tambayi suna, a ba ta amsa.

"Na gwada komai, yana aiki," Godwin ya ce. "Kai dai ka kunna, ka buga lamba. Kada ka taɓa fayil ɗin saiti."

"Haba Oga, sai ka ce yau nif fara."

"Da yau ka fara da hankalina ya fi kwanciya."

Ko tasha Godwin bai kai ba Jalalu ya buɗe fayil ɗin saiti. Ba da mugun nufi ba, shi dai ba ya iya ganin abu a rufe. Yana cikin bi da ido sai ya ci karo da layin da ke gaya wa manhaja ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. An rubuta 5433.

Jalalu ya kwashe da dariya shi kaɗai a ofis. Ko yaron da ya kalli bidiyon koyarwa sau ɗaya, wanda shi ma iyakar karatunsa ke nan a wannan fanni, ya san ƙofar gadon irin wannan rumbu 5432 ce. Can yake zama, kuma duk manhajar da ba a gaya wa ƙofa ba can take nufa da kanta. Don ya tabbatar, ya leƙa rahoton da kwantenar ke fitarwa, sai ga shi ɓaro-ɓaro rumbun yana cewa yana saurare a 5432.

"Wayyo Oga Godwin," ya ce yana girgiza kai. "Hankalin biki ya ɗauke shi."

Bai ma gyara lambar ba, goge layin ya yi gaba ɗaya, don a ganinsa rubuta abin da manhaja ta riga ta sani aikin 'yan koyo ne. Ya kunna, ya buga lambar Malam Junaid, hoto ya fito. Ya buga ta Gazali, hoto ya fito. Ya rufe kwamfuta ya tafi masallaci yana jin ya ceci ƙungiya da kamfani a rana ɗaya.

Abin da bai sani ba, kuma da ya tambaya da an gaya masa cikin numfashi ɗaya, shi ne akwai wani tsohon rumbu a zaune cikin wannan kwamfuta, a wajen kwantena. Godwin ya kafa shi ne don gwaji, ya zuba masa tsohuwar rajistar ƙungiya ta shekarun baya. Wannan tsoho shi ya tare ƙofar 5432. Shi ya sa Godwin ya buɗe wa kwantena ƙofar waje ta 5433, ko da yake a can cikin ɗakinta rumbun yana ganin kansa a 5432 yake. Da Jalalu ya goge layin, manhaja ta kama hanyar da ta saba, ta miƙe gidan tsoho. Tsoho kuma ya san Malam Junaid, ya san Gazali, amma bai taɓa jin labarin Mode da samarinsa ba.

Ranar Asabar tun da hantsi filin gaban ofishin ƙungiya ya cika. Kekuna jere har bakin kwalta, rumfa, lasifikar haya. Lami mai zoɓo, wadda ba a taro a Mabera ba da ita ba, ta kafa kularta dab da teburin tantancewa don kada komai ya wuce ta. Jalalu ya iso cikin baƙar kwat, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya ɗauki makirufo ba wanda ya miƙa masa.

"Jama'a, yau kun shiga zamani. Na'urar ga ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san aboki ba. Wanda tac ce babu shi, to babu shi, ko ɗan wa na."

Aka tafa. Kawu Mode, cikin sabuwar hularsa, ya fi kowa tafi, yana waiwaye yana gaya wa na kusa da shi, "Ɗan ƙanwa... a'a, ɗan yayata na. Ni nir riƙe shi."

Malam Junaid ya fara miƙa kati, hotonsa ya fito. Gazali ya miƙa, nasa ma ya fito, sai dai a hoton yana da gashi cike da kai, abin da rabon Mabera da gani an daɗe. Aka yi ta dariya, Jalalu ya ce ai na'urar tana girmama manya. Sannan Kawu Mode ya matso yana murmushi, ya ajiye katinsa a kan tebur da ɗan ƙarfi.

Jalalu ya buga lambar ba tare da ya kalli yatsunsa ba. Jan rubutu ya fito: babu wannan lamba.

"Sake bugawa, ɗana," Kawu Mode ya ce, murmushin bai gama sauka ba.

Ya sake, wannan karon yana kallon yatsun. Babu wannan lamba.

Gazali, mutum mai faɗi da sanyin murya, ya gyara tsayuwa. "Ai kai kac ce wanda tac ce babu shi, babu shi."

"Ko ɗan wa na," Lami ta ƙarasa masa tana zuba wa wani zoɓo.

"Ƙaramin abu na," in ji Jalalu. "Ba ta gama ɗumama ba. Kawu, ɗan koma gehe. Na gaba."

Na gaba saurayi ne, babu shi. Na bayansa saurayi, babu shi. Wani dattijo mai furfura ya miƙa kati, na'ura ta karɓe shi hannu biyu. Haka aka yi ta tafiya. Duk mai furfura ya wuce, duk mai askin zamani a ce ba a san shi ba. Kafin wani lokaci tsofaffin Gazali suna zaune a inuwa da takardun ƙuri'a a hannu suna fifita da su, samarin Mode kuma sun yi cirko-cirko a rana.

"An saye yaron ga," wani ya ce daga baya.

"Wa ka sayen shi?" in ji Lami. "Ku dai ce an ba da shi kyauta."

Jalalu ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya sake kashewa, ya bar ta ta huta, ya kunna da bismillah. Tsoho na nan a ƙofarsa yana ba da amsar da ya sani. Sai Jalalu ya miƙe ya buga tebur.

"Na gano. Sabis na. Sabis ɗin Mabera bai iya ɗaukar irin aikin ga."

Aikin nan ba ya bukatar sabis ko na ƙwayar gero, komai a cikin kwamfutar yake. Amma wa zai gaya masa? Ya jona kwamfuta da wayarsa, ya ce sai wayar ta hau sama. Ya taka kujera, ya taka ƙarfen wani keke, ya haye rufinsa da kwat da komai, ya ɗaga waya sama yana juyawa gabas da yamma. Tamfol ɗin rufin ya yi haƙuri iya haƙurinsa, sannan ya yage, ƙafar Jalalu ta zurma har cinya, takalminsa yana lilo a daidai inda fasinja ke sa kai. Sai da mutum uku suka zaro shi. Mai keken, wanda tun asuba yake rera sunan Mode, ya dubi rufinsa, ya dubi Mode, ya tayar da kekensa ya tafi neman mai ɗinki. Abokansa biyu suka bi shi.

Jalalu ya karkaɗe wando kamar dama haka ya shirya saukowa. Ya dafa kwamfutar, ya janye hannu da sauri.

"Ashe zahi na. Kwantena ta ɗau zahi. Turawan da sunka yi ta ba su san Sakkwato ba. Inna Lami, ba ni aron kula."

"In ba ka mi?"

"Kan kular kaɗai nika so, in ɗora ta ta sha sanyi."

"Ni zoɓona mutane yaka yi ma magani, ban san shina yi ma inji ba. In ta sha sanyin, ita ka biya ko kai?"

Kawu Mode ya roƙe ta da ido, ta janye kofunanta tana mita. Aka ɗora kwamfuta a kan kula, Jalalu ya tuɓe kwat yana yi mata fifita da ita, wani dattijo na ɓangaren Gazali ma ya taso ya taya shi da takardar ƙuri'arsa, don ya ce rabonsa da nishaɗi irin wannan tun zaɓen jifan kujeru.

Ana cikin haka wayar Jalalu ta yi ƙara. Godwin ne. A gaskiya tsoro ya fara kama Jalalu, kuma ya san mutumin nan shi kaɗai zai iya fitar da shi. Amma idanu sun yi masa yawa, rabin masu kallon nan kuma abokan shan shayinsa ne. Ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani.

"Yarona na, Godwin. Wata tambaya ta cije mishi can. Ya jira, ina aiki."

Ya katse.

Rana ta take tsaka. Samarin nan ba masu kekunan kansu ba ne yawancinsu, da yamma akwai mai keke da ke jiran balas, kuɗin da ake kai masa kullum, kuma ga mata can bakin titi da kayan cefane suna ta ɗaga hannu ba mai tsayawa. Ɗaya ya ce bari ya sauke waccan baiwar Allah ya dawo. Wani ya ce shi ma. Ba wanda ya dawo. Kawu Mode ya bar rumfa ya koma bakin fili yana tare su, yana kama hannun wannan, yana dafa kafaɗar wancan.

"Ku yi haƙuri, yanzun ga za ta tashi. Yaron ya san aikinai."

Jalalu ya ji wannan magana, ta kuma ƙara masa ƙarfin da bai kamata ya samu ba. Ya sake ɗaukar makirufo.

"Masu cewa na'ura ta lalace, ku saurara. Yanzu za ta hwaɗi 'yan ƙungiyar da ba su iso ba, da sunansu, don ku san idonta biyu." Ya danna, ya karanta da murya irin ta mai labarai. "Abdulshakur na Ƙofar Kware. Ana jiran ka. In kana kusa ka matso ka amshi ƙuri'arka."

Malam Junaid ya cire tabarau.

"Allah ya jiƙan Abdulshakur," wani dattijo ya ce a hankali. "Ai bara waccan munka kai shi."

"Amin," jama'a suka amsa. Aka ɗan yi shiru na ladabi, sannan wani ya kasa riƙewa, dariya ta ɓalle ta ko'ina, har da masu share hawaye.

Wani saurayi ya ratso ya tsaya gaban tebur. Ɗan marigayin ne, shi ya gaji keken, kuma ɗazu na'ura ta ce ba ta san shi ba.

"Wato Baba na da ƙuri'a, ni da ke tsaye babu?"

"Abin da na'ura ta..."

"To ka jira shi," yaron ya ce. Ya hau keken ubansa ya tafi, ya kwashi wasu a baya.

Gumi ya jiƙa Jalalu har bel. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga hankalin mutane yana kan masu tafiya. Sai ya sunkuya, ya buɗe wurin ƙara sabon suna, ya fara bugawa a hankali da yatsa ɗaya: M, O, D...

"Saura E," wata sanyayyar murya ta ce a bayan kunnensa.

Gazali ne, yana tsaye yana ɓare gyaɗa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin.

"Malam Junaid, zaka ka gani. Na'urar da ba ta san ɗan'uwa ba, ga shi ana gabatar mata da kawu."

Nan fa wuri ya kaure. Mutanen Gazali suna cewa maguɗi, ragowar samarin Mode suna cewa ai tun safe ake yi musu maguɗin. A tarihin zaɓen Mabera ba a taɓa samun mutum ɗaya da ɓangarori biyu suka haɗu a kan shi ne ɓarawon ba sai ranar. Kawu Mode ya ratso da ƙyar, fuskarsa ta canza. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Jalalu, ni nis sa ka?"

"A'a Kawu, gwaji nika yi."

"Da sunana kaka gwaji, gaban mutane?"

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Jalalu kuwa ya ga saura dabara ɗaya, babba, wadda za ta wanke shi gaba ɗaya. Ya hau kujera da makirufo.

"Jama'a, na gano tushen ciwon. Kwantenar da yarona ya gina ruɓaɓɓa ta. Tun farko nig gaya mishi. Yanzu gabanku zan rushe ta, in gina sabuwa da hannuna."

Ya sauko, ya naɗe hannun riga, ya buga umarnin da ya taɓa gani a bidiyo, wanda ke rushe kwantena har da duk abin da ke cikinta. Ya danna da ƙarfi don na baya su ji. Cikin ƙiftawar ido kwantena ta tafi, da sabuwar rajista, da sunan Mode, da hotunan samarinsa duka, waɗanda tun safe suke zaune lafiya lau a bayan ƙofar da ba wanda ya ƙwanƙwasa.

"Kun gani? Yanzu babu kowa ciki. Ko lambar shugaba nib buga, ba ta hitowa." Ya buga lambar Gazali don ya nuna musu.

Gazali ya fito, da gashinsa cike da kai, yana murmushi.

Jalalu ya ƙura wa hoton ido. Ya rushe ɗaki, amma ana ta amsa sallama. To da wa manhajar nan take magana tun jiya? Wani abu mai sanyi ya bi ta bayansa ya sauka, kuma ba daga kular Lami ya fito ba.

Wayar ta sake ƙara. Kafin ya kai hannu Malam Junaid ya riga shi.

"Kawo yaron naka, mu ji tambayar da ta cije masa. Wataƙila mu taimaka." Ya buɗe murya, ya kara wayar a bakin makirufo. Kiɗan biki ya cika filin Mabera, sannan muryar Godwin ta fito ta lasifika.

"Jalal, tun ɗazu nake kira. Wani ya turo mini hotonka a kan rufin keke. Me ke faruwa?"

"Oga, barka da biki," Jalalu ya ce da wata 'yar siririyar murya da ba a san shi da ita ba.

"Oga?" in ji Lami. "Ashe yaron ya girma."

"Sababbin mambobi ne ba sa fitowa," Malam Junaid ya ce. "Matattu kuwa suna fitowa."

Godwin ya tambaya, "Jalal, ka taɓa fayil ɗin saiti?"

"Ban taɓa ba. Gyara niy yi. Ka yi kuskuren lamba, ka sa 5433."

"Ba kuskure ba ne. Tsohon rumbun gwaji ne a 5432, shi ya sa na kauce masa. Ka goge layin, ko? To tun jiya da tsohuwar rajista kake magana. Ba komai, abu ne mai sauƙi. Mayar da layin, ka rubuta 5433, ka kunna. Kafin ka ajiye waya kowa zai fito."

Wani ɗan ihun murna ya tashi daga ragowar samarin. Kawu Mode ya ce alhamdulillahi, ya gyara hularsa. Jalalu bai motsa ba.

"Oga."

"Na'am."

"Ita kwantenar, in an ce misali babu ta hwa?"

"Kamar yaya babu ta?"

"Ya rushe ta," jama'a suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan aji.

"Da abin da ke ciki?"

"Da hannunai," in ji Lami. "Mu shaida na."

Kiɗan Zuru ya yi ta bugawa shi kaɗai a lasifika. Da Godwin ya dawo, muryarsa ta yi laushi irin ta mai gaisuwar rashin lafiya. Ya ce akwai kwafin rajistar, yana cikin filashi, filashin kuma yana aljihun wandon da ke jikinsa. Ya ce hotunan suna da nauyi, sabis ɗin inda suke ba zai iya turo su ba, shi kuma sai Litinin zai dawo. Ya ba Malam Junaid haƙuri, ya ba ƙungiya haƙuri. Shi kuwa Jalalu, Godwin ya ce masa za su yi magana.

Kawu Mode ya nemi a ɗaga zaɓe. Gazali ya ce an tara mutane, an hana su aiki, an kira musu matattu, ba wanda zai sake ba da wata Asabar ɗin. Malam Junaid ya duba rana, ya duba kujerun da wasu suka fara dafawa, ya yanke hukunci. A yi ƙato bayan ƙato. Duk mai katin ƙungiya a hannu ya tsaya bayan wanda yake so.

Aka shiga kiran samari a waya. Wannan yana tsohuwar kasuwa da fasinja, wancan yana hanyar Arkilla, wani ya ce in don na'urar nan ce a gaishe ta. Tsofaffin Gazali kuwa, da suka wuni a inuwa suna shan zoɓo, suka miƙe a natse suka jeru, layi har ya kai bakin kwalta ya lanƙwasa.

Kawu Mode ya tsaya a nasa wurin. Bai waiwaya ba da farko. Da ya waiwaya, mutanen da ke bayansa ba su kai cikin keke biyu ba, a jikinsa kuma, dab da ƙeyarsa, ga Jalalu da jakar kwamfuta a baya da kwat a hannu, ya miƙe ƙirji kamar soja.

Malam Junaid ya zo ƙirga. Ya dubi Jalalu ta saman tabarau. "Kai ba ɗan ƙungiya ba ne. Ba ka cikin lissafi."

"Na sani, Malam. Kara nika yi ma Kawu."

Kawu Mode ya daɗe yana kallon dogon layin can. Ya so kujerar nan, kuma da safen nan tana hannunsa. Ya cire sabuwar hular, ya share gumi da ita, ya juyo ya dubi ɗan yayarsa tun daga takalmi har kai.

"Kawu, in ka duba da kyau," Jalalu ya fara, "ni nig gano ainihin matsalar. Da ban rushe ta ba, da har yanzu ba a san..."

"Jalalu."

"Na'am, Kawu."

"Kana sona?"

"Wallahi, Kawu."

"To tahi ka tsaya bayan Gazali, ko Allah ya sa ka gyara mishi nashi."

Jalalu ya gyara jakarsa, ya tsallaka filin, ya je can ƙarshen layin Gazali ya tsaya. Dattijon da ke gabansa ya waiwayo ya gan shi, ya yi maza ya cusa katinsa cikin aljihu ya dafe da hannu.